Yadda ake ɗaga a-kori-kura don ta ɗauki manyan tayoyi: jagora ga masu Hilux da ire-irenta a Jos

Tunda damina ta sauka, tambaya ɗaya ke ta dawowa daga masu a-kori-kura, musamman masu shiga Bokkos da Mangu ɗauko dankali da masu kai kayan aiki ƙauyukan Riyom da Bassa. Ana so a sa wa mota manyan tayoyi, to inci nawa za a ɗaga ta, me za a saya, kuma da wane aiki ake farawa? Ga mai gaggawa, amsata ita ce inci 2, da tayar da ta ɗara ta kamfani da mataki ɗaya kawai. Mai lokaci kuma ya biyo ni daki-daki. Da Toyota Hilux ƙirar 2005 zuwa yau zan riƙa misali, don ita ta cika hanyoyinmu, amma Mitsubishi L200 ta wannan zamani, da Ford Ranger da Isuzu D-Max ƙirar 2012 zuwa yau, duk tsarin ƙafafunsu ɗaya ne: shokazoba mai naɗaɗɗen sifirin a gaba, sifirin mai falle-falle a baya.

Riƙe abu biyu kafin a taɓa sifana. Na farko, idan aka ɗaga sifirin, shasi da jikin mota ne suka tashi. Tulun aksul ɗin baya, wanda shi ke fara dukan dutse a hanyar da manyan motoci suka ƙwaƙule, yana nan inda yake, taya ce kaɗai ke nisanta shi da ƙasa. Na biyu, duk sanda mota ta faɗa rami da kaya, taya za ta hau sama har inda robar da ke tare ta ta tsayar da ita, kuma ɗagawar ba ta matsar da wannan roba ba. Wato tayar da ba ta da wuri a cikin madigadi kafin a ɗaga, bayan an ɗaga ma za ta goga, sai dai ba kullum ba. Saboda haka aikin nan rabinsa awo ne da gwaji.

1. Fara da taya, kada ka fara da sifirin

Duba lambar da ke jikin tayarka. A ce 265/65R17 ce, wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita. Lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, ta uku kuma girman rim a inci. Idan aka lissafa, tsayin wannan taya daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 776 ne. Mai bi mata, 265/70R17, tana da 803. Wadda samari ke so, 285/70R17, tana da 831.

Rabin bambancin ne kawai ke zama tsayi a ƙarƙashin aksul. Ta tsakiyar za ta ƙara maka milimita 13, babbar kuma 27. Ka ga duk hidimar babbar taya a kan inci ɗaya da 'yan kai ake yinta.

Ga abin da kake biya a madadinsa. Tayar da ta fi ta asali da kashi 7 cikin ɗari tana rage ƙarfin da ke isa ƙasa da kusan wannan kason, a kowace giya. A Jos abin ya fi fitowa fili, domin garin yana sama da teku da kimanin mita 1,200, iska ba ta da kauri, injin da ba shi da tabo (turbo, mai cusa wa injin ƙarin iska) dama can ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa. Mai Hilux ta fetur 2.7, ko ta gas 3.0 marar tabo, idan ya sa 285 ya loda buhuna, zai ji a jikinsa tun a hawan farko, kuloci kuma zai ji fiye da shi. Birki ma aikinsa ƙaruwa yake, saboda taya ta ƙara nauyi da tsayi. Maleji kuma zai fara yi maka ƙarya: yana nuna 100 kana kan 103 da ta tsakiyar, ko 107 da babbar. Haka kilomitar canjin baƙin mai, idan ya nuna ka yi 5,000 da babbar taya, ainihi ka yi kusan 5,350.

A ganina motar neman abinci ta tsaya a 265/70R17. Mai rim 16 ya nemi wadda tsayinta ya zo kusa da haka, kamar 265/75R16.

Gargaɗi: kada zanen taya ya ruɗe ka. Mai manyan haƙora ta taɓo tana da kyau a hoto kuma tana aiki a laka, amma a kan kwalta mai ruwa ba ta riƙo kamar mai matsakaicin zane da ake rubuta wa A/T, ga ƙara, ga saurin cinyewa. Wanda yawancin tafiyarsa Bukuru zuwa Terminus ce, sai ƙauye jefi-jefi, A/T ta ishe shi.

2. Duba lafiyar motar, sannan ka auna

A ɗaga gaba a girgiza kowace taya sama da ƙasa, hagu da dama. A duba boljoyin, tayarod, bushin na hannayen sama da na ƙasa, boris na ƙafa, da robobin shaf idan motar mai jan ƙafa huɗu ce. Duk abin da ke da wasa a canza shi yanzu. Ɗagawa da babbar taya ba sa ɓoye lalura, gaggauta ta suke yi. A leƙa shasi ma, musamman wajen da sifirin ɗin baya ke rataye, ko akwai tsatsa ko tsohuwar walda.

Daga nan a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen siminti, tanki cike, baya babu kaya. Ɗauki tef ka auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen madigadi a miƙe, a ƙafafu huɗu, ka rubuta a takarda. Kada ka auna daga ƙasa, don iskar taya za ta shiga lissafin.

Wannan takarda ita ce shaidarka. Kamfanonin da ke rubuta inci 2 a kwali daga tsayin sabuwar mota suke lissafi. Motar da ta shekara goma tana dakon kaya ta riga ta zauna, don haka kana iya ganin ta tashi inci 3 bayan aiki, alhali kayan ba su yi ƙarya ba.

3. Zaɓi hanyar ɗagawa

A gaba hanya biyu ce. Ko a sa sifesa, wato faifan ƙarfe da ake ɗorawa a saman shokazoba, ko a canza shokazoba da sifirin ɗinsa gaba ɗaya da waɗanda aka ƙera don wannan tsayi. Sifesa ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ga motar cikin gari ba laifi. Sai dai ba ya ƙara wa ƙafa tafiya ko kaɗan, yana tura ta ƙasa ne kawai, tsohon shokazoba kuma yana nan da gajiyarsa.

Gargaɗi: saboda inda shokazoba ke zaune a kan hannun ƙasa, kaurin sifesa kusan ninkawa yake a wajen taya. Na milimita 25 yana ba da kusan 50. Idan mai kaya ya miƙo maka mai kaurin inci 2 ya ce na ɗaga inci 2 ne, ajiye masa abinsa, wannan zai kai motar wajen inci 4, ya karya kusurwar shaf da boljoyin. Haka kuma kada a haɗa sifesa a kan sabon sifirin mai tsayi don a ƙara burgewa.

Da yawa daga tsofaffin Hilux masu jan huɗu na kafin 2005, da tsohuwar L200 da Nissan Hardbody, sandar murɗawa gare su a gaba maimakon naɗaɗɗen sifirin. Ana ɗaure notin da ke ƙarshen sandar motar ta tashi, kusan a kyauta. A ɗaga motar a kan jak kafin a murɗa, a ƙirga zagaye daidai a kowane gefe, kuma kada a wuce inci ɗaya da rabi. Idan aka zarce, hannun sama zai zauna a kan robarsa, motar ta koma tsalle kamar amalanke.

A baya akwai zaɓi huɗu, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Sabon sifirin cikakke shi ne gaskiyar aiki ga mai ɗaukar kaya. Ƙarin falle ɗaya a cikin tsohon yana taimakawa idan tsohon bai mutu ba, amma motar za ta ƙara tauri idan babu kaya. Dogon shakul, ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin a jikin shasi, yana ba da rabin ƙarin tsayinsa, wato wanda ya fi na asali da inci 2 zai ɗaga inci 1. Bulo na ƙarfe tsakanin sifirin da aksul shi ne na ƙarshe a wajena: ba ya ƙara ƙarfin ɗaukar kaya, kuma yana sa aksul ya riƙa murɗa sifirin a lokacin tashi da birki.

Akwai hanya ta biyar da ake yi a wajen masu walda, a gasa sifirin da wuta a ƙara masa lanƙwasa. Kada ka yarda. Wuta tana kashe taurin ƙarfen, zai tashi yau, ya zauna bayan 'yan lodi, ko ya tsinke a hanya.

Akwai kuma masu ɗaga jikin motar daga kan shasi da bulo. Wannan kam yana buɗa wa taya wuri na gaske, amma yana taɓa sandar sitiyari, lagireto, bamba da sandar giya, aiki ne daban da ba na shawartar motar haya da shi.

4. Sayayya da lissafin kuɗi

Kafin ka biya, faɗa wa mai kaya nauyin da ke kan motar kullum. Sifirin ɗin baya na kamfanoni irin su Old Man Emu, Ironman 4x4, Dobinsons da Tough Dog kala-kala ne: akwai na motar da ke yawo babu kaya, akwai na mai ɗauke da kilo 300 ko fiye a kowace rana. Na gaba ma akwai na mai bamban ƙarfe da na marar shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen mafi tauri don a ce an sayi mai ƙarfi, sai motar ta riƙa jijjiga mutum har ƙugu. Sannan ka sani, sabon sifirin bai ƙara nauyin da kamfani ya halatta wa motar ba. Aksul, birki da shasi suna nan yadda suke.

Farashin kayan nan da dala yake tafiya, saboda haka ka karɓi farashi a ranar da za ka biya. Cikakken saiti na waɗancan kamfanoni ya kan haura dala 1,000 tun kafin jigila da kwastan, saitin sifesa da shakul kuma ba ya kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Ƙananan kaya kamar yubol (lanƙwasasshen ƙarfen da ke ɗaure sifirin da aksul), bushin, boljoyin da tiyon birki ana samu a Dilimi. Cikakken saiti sau da yawa sai an yi oda daga Apo a Abuja ko daga Legas, don haka kada a kwance mota sai kayan sun iso an buɗe kwali an ƙirga.

Lissafinka ya haɗa da tayoyi 5, ba 4 ba, kayan ɗagawa, sababbin yubol, rim idan za a canza, ladan makanike, balansin, da alaimen sau biyu. Tayoyin kaɗai suna iya kamo kuɗin kayan ɗagawar. Ware kamar kashi ɗaya cikin goma na jimillar don abin da za a gano bayan an kwance. Sannan ka sa a ranka cewa shan mai zai ƙaru daga ranar.

Gargaɗi a kan taya: duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2423 na nufin mako na 24 a 2023. Jami'an Road Safety na duba wannan, kuma ko ba su duba ba, tsohuwar taya mai kyan zane a ƙarƙashin lodi ba abin wasa ba ce. Duba lambar nauyi ma: 112 na ɗaukar kilo 1,120, 121 kuma 1,450. Kada ka sauka ƙasa da abin da ke jikin tayar asali. Shokazoba na Beljiyam da aka wanke aka fesa wa fenti kuwa, araha ba ta ado.

5. Wurin aiki da kayan aiki

Ana buƙatar daɓen siminti, jak mai ƙarfi guda biyu, ƙafafun ƙarfe na tokare mota, sifanu da soket, abin cire boljoyin, matsin sifirin na gaske, man sassauta tsatsa, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Ko a Farin Gada za a yi aikin ko a wani gareji, tambayi makaniken kai tsaye: "Oga, kana da sifana mai awo?" Idan babu, a aro ko a saya, ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba. Tun daren jiya a fesa wa duk notocin ƙafa man tsatsa, musamman na alaimen da ke hannun ƙasa, don su ne ke cin rana.

Gargaɗi: ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai, ko kan bulon siminti da tarin duwatsu. Bulo ba ya gargaɗi kafin ya fashe.

Mai hannu zai gama a yini guda, idan notoci suka ƙi sai a kwana. Kada ka kai mota da safe ka ce da la'asar za ka kama hanya.

6. Aikin gaba

A sassauta notocin taya tun mota na ƙasa, a tokare tayoyin baya, a ɗaga, a zaunar da shasi a kan ƙafafun ƙarfe, a cire tayoyi biyun gaba. A kwance maƙalan tiyon birki da na wayar ABS daga jikin ƙafa don su samu sarari. A cire linkej na sandar da ke hana mota tangaɗi, a gefe biyu. A sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa, a raba boljoyin na sama, a ɗaure kan ƙafar da waya don kada ya kife waje.

Gargaɗi: idan kan ƙafar ya kife, zai fizgo shaf daga mazauninsa na ciki, ko ya ja tiyon birki. Yaro ɗaya ya riƙe shi har a gama.

Sai a cire babban notin ƙasan shokazoba, sannan notoci uku da ke kewaye a sama. Na tsakiya ba a taɓa shi. Shi ke riƙe da sifirin a matse, kuma ƙarfin da ke ciki ya isa ya fasa fuskar mutum. Idan sifesa za a sa, a ɗora shi a sama a mayar. Idan sabon sifirin ne, a matse da matsi na gaske, a tsaya a gefe ba a saitinsa ba. Igiya, waya ko nauyin mota ba matsi ba ne.

Wasu saitin suna zuwa da sifirin ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsayi, da alamar gefen direba. Yawancin kayan nan na Ostireliya ne, inda sitiyari ke dama, namu kuwa yana hagu. Koma ga takardar awonka: mafi tsayi ya tafi gefen da ya fi zama.

A mayar da komai, amma notin ƙasan shokazoba da duk wanda ya ratsa bushin na roba a bar shi sako-sako tukuna. Dalilin na zuwa a mataki na 10. Kafin a mayar da taya, bar ƙafar ta rataya har ƙarshe ka duba: hannun sama na taɓa sifirin? Boljoyin ya ƙure? Shaf na juyawa da hannu ba tare da cijewa ba? A inci 2 galibi lafiya lau. Daga nan zuwa sama sai an sayi hannun sama na musamman, wani lokaci har da kayan sauke tulun gaba, kuɗi kuma ya fara ninkawa.

7. Aikin baya

A tokare tayoyin gaba. Shasi a kan ƙafafun ƙarfe, aksul a kan jak, kuma gefe ɗaya ake yi a gama kafin a koma ɗayan, don aksul ya zauna a saitinsa. A cire ƙasan shokazoba, a kwance yubol, a sauke aksul a hankali ana kallon tiyon birki, wayar birkin hannu da wayar ABS. A cire shakul na baya da fil na gaba, a fito da tsohon sifirin. Yana da nauyi, mutum biyu ne.

Sabon yana da gaba da baya, kada a juya shi. A fara rataya gaba, sannan shakul. A ɗago aksul har kan santabol, wato notin da ke tsakiyar sifirin, ya faɗa raminsa daidai. Idan bai faɗa ba aka ɗaure a haka, motar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. Yubol sababbi za a sa, domin tsohon ya riga ya miƙe, a ɗaure su a gicciye kaɗan-kaɗan har su kai awo. Bushin na roba ba a shafa masa giris na injin, yana cinye shi. Mai kama da leda mai tauri kuwa yana zuwa da nasa man, a yi amfani da shi.

Shokazoba na baya dole ya dace da sabon tsayi. Idan aka bar gajere, shi zai riƙa tsayar da aksul duk sanda taya ta faɗa rami, ba zai daɗe ba.

8. Ƙananan abubuwan da ake mantawa

Nan ne ake gane makaniken da ya san aikin. Bar aksul ya rataya gaba ɗaya ka taɓa tiyon birki na tsakiya. Idan ya miƙe kamar tsirkiya, a sa mai tsayi ko a sauko da maƙalinsa, sannan a fitar da iska daga birki.

Hilux marar ABS tana da wani bawul a baya mai sanda da ke haɗe da aksul, wanda ke ƙara wa tayoyin baya birki idan an yi lodi. Da zarar an ɗaga mota, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya ko da akwai, sai ya rage birkin baya. A ɗaga maƙalin sandar daidai da tsayin da aka ƙara. Mai sauka Hawan Kibo da lodi bai kamata a yi masa dogon bayani a kan wannan ba.

Idan bayan aiki motar na karkarwa a lokacin tashi, kusurwar farfela, doguwar sandar da ke kai juyi ga aksul ɗin baya, ce ta canza. Ana gyarawa da siririn sifesa a ƙarƙashin boris na tsakiyar farfela, ko da ɗan faifan ƙarfe mai gangare a ƙarƙashin sifirin.

9. Rim da taya

Hilux, Ranger, L200 da D-Max masu jan huɗu duk noti shida ne a tazarar 139.7, amma ramin tsakiya ba ɗaya ba ne, kuma Navara ta 2005 zuwa sama tazararta 114.3 ce. A gwada rim a jikin mota kafin a biya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda rim ke shiga ciki ko fitowa waje, lambar da ake rubutawa bayan ET. Na Hilux na asali yana wajen +30. Rim mai 0 zai fito da taya waje da milimita 30. Yana da kyan gani, amma idan aka karya sitiyari tayar tana zagaye mai faɗi, sai ta kama bayan madigadi da gindin da jikin mota ke zaune a kan shasi. Ga watsa laka a ƙofofi, ga wahalar da boris. Da 265/70R17 rim ɗin asali ya wadatar, kuma kuɗinka ya huta.

Gargaɗi: notin rim ɗin alminiyon na Toyota mai wosha ne shimfiɗaɗɗe, yawancin rim na kasuwa kuma mai tsini suke so. Idan aka haɗa su ba daidai ba, taya za ta kwance a tafiya. Sifesan taya mai arha da ake zurawa a bayan rim shi ma a bar shi.

Tayoyi huɗu su zama girma ɗaya, safaya ma haka, musamman a mota mai jan huɗu. A gwada safayar a mazauninta na ƙarƙashin bodi tun yanzu, kada sai a daji a gane ba ta shiga.

10. Sauke, ɗaure, alaimen

A sauke motar a kan tayoyinta, a girgiza ta, a tura gaba da baya 'yan mitoci don ƙafafu su zauna. Yanzu ne ake ɗaure notocin bushin da aka bari, gaba da baya. Idan aka ɗaure su mota na rataye, robar za ta zauna a murɗe tun kafin a fara tafiya, ta yage cikin 'yan watanni. Kowane noti da awonsa a littafin motar. Na tayar Hilux 105 Nm ne a sifana mai awo, ba sai yaro ya hau kan sifana ba.

Sake auna ƙafafu huɗu ka kwatanta da takardarka. Baya ya ɗan fi gaba tsayi, haka ake so, don lodi ya daidaita shi. Sannan a ɗaga gaba a ga nawa taya ke sauka daga tsayin tsayuwa. Idan bai kai kamar milimita 60 ba, an ɗaga da yawa, kuma za ka riƙa jin duka a kowane rami.

Daga nan kai tsaye sai wajen alaimen na kwamfuta, a hankali, ba gobe ba. Ɗagawa tana canza duk kusurwoyin gaba guda uku: kwanciyar taya ciki ko waje, fuskantar tayoyin biyu da ake saitawa da tayarod, da kasta, wato jinginar ƙafa gaba ko baya. Ka ce a gyara uku ɗin duka, har da kasta, ba tayarod kawai ba. Ƙarin kasta yana sa sitiyari ya riƙa dawowa tsakiya da kansa, kuma yana ɗan tura tayar gaba, nesa da inda take goga. Karɓi takardar sakamakon. Sababbin motoci masu na'urar hana santsi a sa musu kwamfuta a sake saita ta. Da dare kuma a fuskanci bango a sauke fitilun gaba, don yanzu idon masu tahowa suke haskawa.

11. Gwajin goga

Karya sitiyari har ƙarshe hagu, ka yi gaba da baya a hankali, sannan dama. Maimaita a inda taya ɗaya za ta hau tudu, kamar bakin kwalbati, wani na tsaye yana kallo. Sannan a yi da lodi. Inda taya ta taɓa za ka ga wurin ya yi sheƙi.

Da 265/70R17 yawanci robar tare laka ce ta gaba da ledar cikin madigadi. A cire robar ko a rage ta, ledar kuma a ɗumama ta a tura ciki ko a yanke gefen. Da 285/70R17 sau da yawa sai an yanki gindin da ke riƙe jikin mota a shasi an toshe da farantin ƙarfe. Wannan yankan shasi ne, ba ya komawa, kuma mai sayen motar nan gaba zai gani. Idan har za a yi, ƙwararren mai walda ne zai yi, a cire kan batir, a kare wayoyi, a shafa fenti don tsatsa.

12. Makonnin farko

Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake duba notocin taya. Bayan kamar 500 a koma gareji a sake ɗaure yubol da shakul, domin sabon sifirin yana zama, yubol kuma ya saki. A sake awo, a koma alaimen karo na biyu. Riƙa leƙa robobin shaf, idan ka ga giris ya fantsama a cikin rim, roba ta yage, a canza kafin ƙasa ta shiga.

Tuƙin ma sai an sake koyo. Motar ta ƙara tsayi, don haka ta fi kwanciya a kwana kuma ta fi saurin kifewa idan aka fizgi sitiyari, musamman da kaya masu tudu a baya. Nauyi ya zauna ƙasa kuma kusa da kan mota. Ƙara tazara tsakaninka da na gaba, a gangare kuma ka sa ƙaramar giya tun daga sama maimakon ka kwanta a kan birki. Gwada malejinka da manhajar taswira ta waya don ka san ainihin gudunka. Idan motar na da cikakken inshora, sanar da kamfanin a rubuce cewa an canza ƙafafu da tayoyi, ka ajiye rasit ɗin kayan da takardar alaimen a cikin motar.